Hayaƙi Ne ko Hazo? Tambayoyi da Amsoshi Kan Bin Sawun Hayaƙin Gobarar Daji Daga Sama

Da an gama kaka an kai amfani gida, sai wutar daji ta karɓi fili. Wanda ya bi hanyar Shika zuwa Giwa da la'asar a watan Disamba ya san abin da nake faɗa: ciyawa na ci a gefen titi, shirwa na shawagi a bakin wutar tana cafke farin da ke gudun tsira, direba ya rage gudu ya kunna fitila tun rana ba ta faɗi ba. A cikin gari kuwa, mace ta je kwashe shanya ta tarar baƙin ɓurɓushin ciyawa ya sauka a kan farar riga. Ni aikina taswira ne, kuma da yake an san ina yawan leƙa hotunan tauraron ɗan adam, a irin wannan lokaci tambayoyi ba sa ƙare mini, daga ƙofar masallaci har teburin mai shayi. Ga waɗanda aka fi maimaitawa.

Malam, wai da gaske ne daga can sama ana ganin wutar da mutum ya cinna a gonarsa?

Ana gani, amma ba irin ganin da kake zato ba. Na'urar zafi take ji. Duk abu mai zafi yana fitar da wani haske da ido ba ya kamawa, masana suna ce masa infirared. Shi ne ɗumin da ke bugun fuskarka in ka matso kusa da murhu tun ba ka taɓa shi ba. Akwai wani zango na wannan haske, wajen maikiromita 4 (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), inda wuta take ficewa ƙwarai, ta yadda busasshiyar ƙasa, ko rana ta yini tana gasa ta, ba ta kamo ƙafarta.

Hoton tauraro a rarrabe yake gida-gida kamar dara. Kwamfuta tana bin gidajen ɗaya bayan ɗaya tana gwada zafin kowanne da na maƙwabtansa. Wanda ya zarce su nesa sai ta ɗiga masa ja. Hukumar NASA ta Amurka ta ce na'urarta mai suna MODIS takan kama wutar da ta kai murabba'in mita 1,000, wato kashi ɗaya cikin goma na hekta, kuma in sama ta yi garau tana kama wadda ba ta kai haka ba.

Waɗanne taurari ne suke wannan aiki?

Iri biyu ne, kuma halinsu ba ɗaya ba.

Na farko masu zagaye ne. Suna tafiya a tsayin kilomita 700 zuwa 800 da 'yan kai, suna kewaya duniya ta kan ƙuryar arewa da ta kudu sau 14 a kwana guda. A cikinsu akwai Terra da aka harba a 1999 da Aqua na 2002, su ne masu ɗauke da MODIS, kuma yanzu sun tsufa. Magadansu su ne Suomi NPP na 2011, da NOAA-20 na 2017, da NOAA-21 na 2022, masu ɗauke da na'urar VIIRS. Gidan dara ɗaya a hoton wuta na MODIS kilomita ɗaya ne ta kowane gefe, na VIIRS kuwa mita 375, shi ya sa VIIRS ta fi kama ƙananan wutacen da muke da su a nan. Masu VIIRS suna ratsa samanmu wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, su sake dawowa wajen ɗaya da rabi na dare.

Na biyu masu zaman wuri ɗaya ne. Meteosat na ƙasashen Turai yana can nisan kusan kilomita 36,000, saitin tekun da ke kudu da Ghana, yana juyawa daidai da juyin duniya, don haka kullum Afirka ce a gabansa. Tsohon samfurinsa yana ɗaukar hoto duk minti 15, sabon da aka harba a Disambar 2022 kuwa duk minti 10.

Mai zagaye kamar mai talla ne da ke bi ta ƙofar gidanka sau biyu a rana: yana ganin abu kurkusa, amma ba ya tsayawa. Mai zama kuwa kamar wanda ya hau kan dutsen Kufena ne ya yini a can. Babu abin da zai wuce bai gani ba, sai dai komai ƙanana yake hangowa. Mai bin sawun hayaƙi da gaske yana haɗa su biyun.

Na buɗe taswirar wuta ta intanet na ga Najeriya ta yi jajir kamar an watsa barkono. Ƙasar ce gaba ɗaya ke ci da wuta?

Kwantar da hankalinka. Jan ɗigo ba girman wuta yake nunawa ba. Abin da yake cewa kawai shi ne: a cikin wannan gida akwai abu mai zafi aƙalla ɗaya a lokacin da tauraro ya wuce. Ko tarin karan dawa ne a kusurwar gona, gidan duka za a ɗiga wa ja. Sannan in ka ja taswirar baya don ka ga ƙasa duka, ɗigon ba ya ƙanƙancewa daidai da nisan, sai su hau kan juna. Matso da ita kusa ka ga yadda za su warwatse.

Kuma ba kowane ɗigo ne gobarar daji ba. Waɗanda kake gani a yankin Neja Delta rani da damina, a wuri ɗaya ba sa motsi, wutar iskar gas ce da ake ƙonawa a wuraren haƙar mai.

Duk da haka yawan ba ƙarya ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka yake. Namu lokacin daga Nuwamba ne zuwa wajen Maris, ya fi tsanani a Disamba da Janairu. Daga Yuni kuma sai jan ya koma kudancin nahiyar, wajen Angola da Zambiya da kudancin Kwango.

To an ga wuta. Shi hayaƙin fa, yaya ake bin sawunsa?

Hanya mafi sauƙi ita ce ido. A hoton rana hayaƙi yana fitowa kamar zare mai ruwan toka da ɗan shuɗi, siriri a inda ya taso, yana faɗi yayin da yake nisa. Inda bakin zaren yake nan wutar take, inda jelarsa ta nufa can iska ta dosa. In ka jera hotunan Meteosat ɗaya bayan ɗaya sai ka ga yana tafiya kamar a bidiyo.

Amma bayan kwana ɗaya ko biyu zaren ya watse, ido ba ya iya bin sa. A nan ake komawa awo. Ana auna yawan hasken rana da ƙananan ƙwayoyin da ke cikin iska suka tare ko suka watsar. In lambar tana wajen 0.1, sama garau take. In ta kai 1 ko ta haura, to an cika. Akwai kuma iskar kabon monoksaid, wadda wutar da ba ta ci sosai ba take fitarwa, ita ce dai mai hallaka wanda ya kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Wannan iska takan yi makonni a sama ba ta ɓace ba, don haka ta zama kamar sawun ƙafa. Tauraron Sentinel-5P na Turai, wanda aka harba a Oktoban 2017, yana zana taswirarta kullum.

Saura tsayi. Hoto daga sama ba ya faɗa maka ko hayaƙin yana daidai hancinka ne ko yana can kilomita uku a bisa kanka. Don wannan ne aka yi taurari masu harbo hasken leza ƙasa suna auna lokacin da zai ɗauka ya dawo, irin CALIPSO da ya yi aiki daga 2006 zuwa 2023. Daga ƙarshe a zuba duk wannan cikin kwamfuta tare da hasashen iska, ta lissafa inda hayaƙin zai kai. Shirin Copernicus na Tarayyar Turai yana fitar da irin wannan hasashe na kwana biyar, kyauta.

Yaya za a bambanta hayaƙi da hazon hunturu? Ni duk ɗaya nake ganinsu.

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mutumin Zariya, kuma ita ce masu rubutu daga ƙasashen waje ba su cika damuwa da ita ba, don su ba su da hunturu irin namu.

Ranar da ka tashi ka ga gari ya yi fari fat, rana ta fito kamar faranti har kana iya kallonta, leɓe ya tsage, mota ta kwana a wanke ta wayi gari da ƙura, to wannan yawancinsa ba hayaƙi ba ne. Ƙura ce, kuma an san gidanta. Babban tushenta wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi. Dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ta mazurari, ta fito da ƙarfi ta kwashi garin nan ta yo kudu maso yamma da shi. A hoton tauraro za ka ga ƙurar ta tashi a Bodele yau, bayan kwana ɗaya zuwa biyu ta rufe Maiduguri, Kano, ta iso mu. Irin ranakun ne hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, take gargaɗin raguwar gani, jirage su kasa sauka.

Bambancin a wurin na'ura yana cikin girman ƙwaya. Ƙwayar ƙura babba ce, ta hayaƙi kuwa mitsitsiya ce, yawanci ba ta kai maikiromita ɗaya ba. Dogon zangon infirared yana ratsa hayaƙi ya wuce kamar babu shi, amma ƙura tana tare shi. Da wannan dabara aka haɗa wani hoton Meteosat na musamman inda ƙura ke fitowa da launin hoda mai haske, dare da rana, hayaƙi kuwa da ƙyar ya nuna. Sai kuma shaida ta biyu: ƙura ba ta tafiya da kabon monoksaid. Inda ka ga sama ta cika amma wannan iska ba ta ƙaru ba, hazo ne. Inda suka tashi tare, akwai wuta a bayan abin.

Matsalar ita ce a Janairu sukan gauraya. Masu binciken da suka yi ta shawagi da jirgin awo daga Yamai a farkon 2006 sun tarar da su hawa-hawa: ƙura a ƙasa, hayaƙi a samanta. Tauraro kuwa daga bisa yake kallo, duka biyun yake haɗawa ya ba ka jimilla. Shi ya sa ake buƙatar na'urar ƙasa da za a gwada awonsa da ita, irin wadda ke Jami'ar Ilorin tun 1998 tana kallon rana tana auna abin da ya tare ta.

Ke nan hayaƙin da muke shaƙa a Zariya daga ina yake zuwa?

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Manyan wutacen Najeriya kuwa sun fi yawa a kudu da mu, inda ciyawa ta fi tsayi da kauri: kudancin Kaduna, Neja, Nasarawa, Binuwai, Taraba. Saboda haka yawancin hayaƙinsu ba mu yake nufa ba, gaba yake yi zuwa teku, in ban da wanda ya hau can sama wata iskar ta juyo da shi.

Wanda ke shiga idonka da magariba a Sabon Gari ko Tudun Wada, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, namu ne. Gonakin da ke kewaye da gari, bolar da aka cinna wa wuta da leda a ciki, tayar da ake babbaka da ita, itacen girki na dubban gidaje a lokaci ɗaya. Da rana ta faɗi a lokacin sanyi ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta kamar murfin tukunya. Hayaƙin ba shi da hanyar tashi, sai ya kwanta a kwari, musamman gefen Kubanni da fadamun Galma, har hantsi. Wannan kuwa tauraro bai cika kama shi ba: wutar ƙanana ce, kuma ba a kan idonsa aka kunna ta ba.

Har ina hayaƙi zai iya kaiwa?

In wuta ta yi ƙarfin da za ta cilla shi sama sosai, yana ƙetare teku. A Janairun 2020 hayaƙin gobarar Ostireliya ya ratsa tekun Fasifik ya kai Chile da Ajantina, kuma taurari sun bi shi har ya kewaye duniya. A 2023 wuta ta ci kimanin hekta miliyan 15 a Kanada. Ranar 7 ga Yuni samaniyar birnin New York ta koma ruwan goro, kafin ƙarshen watan kuma hayaƙin ya isa Turai. Wutar ciyawa irin tamu ba ta cika yin wannan ƙarfi ba. Yawa gare ta.

Malam, ɗana yana da asma. In duba taswirar nan kafin in bar shi ya fita?

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ki duba, amma kada ki dogara da ita kaɗai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Taswira tana iya nuna sama ta cika alhali abin yana can bisa, tana kuma iya nuna garau alhali maƙwabcinki ya cinna wa bola wuta a bayan tagarku. Amfaninta shi ne gargaɗi: in kin ga ƙura ta taso daga Chadi, kin san kina da kwana ɗaya ko biyu ki tabbatar abin shaƙarsa bai ƙare ba.

Abin tsoro a hayaƙi shi ne ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda sun fi silin gashi sirantaka kusan sau 30, suna wucewa har can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2021, ta ce kada matsakaicinsu na kwana guda ya wuce maikirogiram 15 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe. Hankici ko bakin mayafi ba ya tare su, ko an jiƙa shi. Takunkumi irin N95 da ya kama fuska sosai shi ne mai aiki. A rufe tagogi daga magariba zuwa hantsi a ranakun da gari ya turnuƙe, a rage masa guje-guje a waje. Sannan ki yi haƙuri da wannan: turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma hayaƙi ne, kuma a ɗakin da yake kwana suke. In numfashi ya fara yi masa wuya, ko maganin bai saukar da shi ba, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

Ta yaya zan gani da wayata?

Nemi NASA FIRMS a intanet, ka buɗe taswirar wuta. Ba a biyan ko kwabo, data kawai za ta ci. Ka matso da ita kan Zariya, ka zaɓi awa 24 da suka wuce ko kwana bakwai. In ka taɓa ɗigo zai ba ka rana da lokaci. Lokacin agogon GMT ne, sai ka ƙara awa ɗaya ya zama namu. Bayanin yakan shigo cikin kimanin awa uku da wucewar tauraro. Don ganin hayaƙin kansa da ƙura sai ka buɗe NASA Worldview, wanda yake nuna hoton kowace rana, har kana iya komawa shekarun baya. Shi ya fi daɗi a kwamfuta.

Jiya na ga wuta da idona a hanyar Soba, amma babu ita a taswira.

Ƙarfe nawa ka gan ta? In bayan la'asar aka cinna ta, ta mutu kafin tsakar dare, to ta faɗa tsakanin wucewa biyu. Wutar ciyawa haka take, cikin awa guda ta cinye fili ta mutu. Girgije ma yana rufe ta, hazo mai kauri yana rage ganinta, haka inuwar manyan itatuwa. Ni kaina na taɓa tsayawa a gefen wata gona ina ɗaukar hoton wutar da ta fi ni tsayi, na koma gida na yi ta nema, ko ɗigo ɗaya babu.

Wuta ta cinye wa wani talakana dawar da ya tara a gona, ana zargin makiyaya. Hoton nan zai nuna wanda ya sa ta?

Ranka ya daɗe, ba zai nuna ba, kuma duk wanda ya ce maka zai nuna, a yi hattara da shi. Tauraron da ke ganin abu dalla-dalla a cikin na kyauta shi ne Sentinel-2, wanda gidansa ɗaya mita 10 ne, yana dawowa duk kwana biyar. Mutum ba ya fitowa a irin wannan hoto, balle ashanar da ke hannunsa.

Abin da zai iya yi maka shi ne awo. A ɗauko hoton kafin gobara da na bayanta, tabon ƙuna zai fito baƙi ƙirin, a auna hekta nawa ta ci, a ga gonakin da ta ratsa. In an yi sa'a jan ɗigo ya kama ta, a san ranar, wani lokaci har da gefen da ta faro. Wannan yana rage gardama wajen ƙiyasta asara. Amma masu cinna wa daji wuta suna da yawa: mafarauci mai neman gafiya da zomo, makiyayi mai son sabon toho, manomi mai sharar gona da iska ta ƙwace masa, mai ɗibar zuma, mai gawayi, har matafiyin da ya yar da guntun taba. Akwai dokar tarayya ta 2011 a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA da ta tsara ƙonar daji da ƙona shara a fili, amma gano mai laifi sai an zauna da shaidu, da ardo, da masu gonakin da ke maƙwabtaka.

Najeriya ba ta da nata tauraron ne?

Tana da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999. An harba NigeriaSat-1 a 2003, sai NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, kuma akwai cibiyar nazarin hotunan tauraro ta ƙasa a Jos. Sai dai waɗannan don ɗaukar hoton ƙasa aka ƙera su. Awon wuta da hayaƙi na kowace rana daga na Amurka da na Turai muke samun sa.

Ni ɗalibi ne a Samaru. In ina son in shiga wannan fanni, ta ina zan fara?

Ɗan'uwa, kana zaune a kan abin nema. Sashen nazarin ƙasa da na safiyo a Jami'ar Ahmadu Bello suna koyar da aiki da hotunan tauraro, manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, kuma FIRMS yana ba da tsofaffin bayanan wuta tun daga ƙarshen shekarar 2000. Sauke na ƙananan hukumomin Giwa, Soba, Igabi da Birnin Gwari, ka jera su wata-wata, ka ga makon da wuta ke farawa da wanda take ƙarewa, da ko ya sauya cikin shekarun nan.

Abin da ya fi ƙaranci a wurinmu shi ne bayanin ƙasa da za a gwada na sama da shi, kuma wannan ba ya buƙatar kuɗi. Sami littafi. Zaɓi wuri ɗaya da ake hango Kufena daga nesa, ka riƙa tsayawa a nan kullum ƙarfe takwas na safe daga Nuwamba zuwa Maris. Rubuta ko dutsen ya fito sarai, ko dishi-dishi, ko ya ɓace. Rubuta ko ka ji ƙauri, da inda iska ta fito. Da yamma ka buɗe hoton ranar ka rubuta abin da ya nuna a shafin da ke kallon naka.